Koko, ƙosai da bakin mutane

A wani biro na gwamnati cikin birnin Maraɗi akwai wani ma'aikaci, dattijo mai shekara 50 da ƴan kai, wanda ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana karya kumallo a teburin mai shayi guda. Kowace safiya sai ya jingine moto gindin bedi, ya zauna bisa banci, a yanko masa rabin burodi a shafe da bur, a soya ƙwai biyu da albasa, a dama masa kafe da madarar gwangwani mai zaƙi har cokali ya nemi tsayawa cikin kofi. Mai shayin yana da littafin bashi, yana rubutawa, ƙarshen wata a yi lissafi. Ran nan ciwon kai mai naci ya kai dattijon likita. Aka auna, aka ce jini ya hau, sukari kuma yana bakin ƙofa. Ba a hana shi nama ko ƙwai ba, abin da aka ce masa shi ne ya rage sukari da gishiri da mai. Shi ne da ya koma gida ya haɗa maganar likita da littafin mai shayi, ya ga su biyun hanya guda suka nufa, ya ƙudura cewa daga ranar kalacinsa na safe zai fito daga abin da ƙasa ta tsirar kaɗai: hatsi, wake, gujiya, aya da ganye.

Ciki bai ba shi wahala ba. Bakin mutane ne ya ba shi.

Ranar farko da yaro ya kawo masa koko cikin kwanon sha da ƙosai a ƙunshe cikin takarda, ya aje bisa teburin biro, ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, sa'an nan aka fara. Wani ya ce: "Malam, wata bai kai rabi ba albashi ya ƙare?" Wani ya ce a buɗe tagogi tun da wuri, tunda wake ya shigo. Wani matashi da bai daɗe da kama aiki ba ya tambaya, da fuska a ɗaure kamar mai neman sani, ko za a kawo masa tabarma da akushi. Da yamma kuma a fada, wani alhaji mai shagon kayan gwangwani ya yi tasa, wadda ta fi duka zafi, ya ce ashe ƙarshen karatun lakwal abincin almajirai ne. Aka yi dariya. Dattijon ma ya yi, amma ta yaƙe ce, kuma daren nan bai yi barci da wuri ba.

Ya dace a tsaya a kan wannan dariya, domin ba ta Maraɗi kaɗai ba ce. A Damagaram, a Tawa, a Yamai, burodi da kafe sun daɗe da zama kamar galan da ake ɗaura wa soja a kafaɗa. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, tun kaka da kakanni ana noma ta kaɗan cikin fadamu ana yin alkaki da taliya da finkaso. Amma dogon burodin nan na safe tare da Faransawa ya zo, ya zauna a bariki, ya bi ɗan kwana a lakwal har biro. Wanda ya ci shi da safe ya nuna cewa yana karɓar kuɗi ƙarshen wata. Wanda ya sha koko kuwa, a idon ƴan bariki, bai riga ya bar ƙauye ba. Wannan ra'ayi ya yi saiwa har ya kai ga mutum ya sha kokonsa a ɓoye cikin gida, ya goge baki, ya fito ya zauna wurin mai shayi don a gan shi.

Sau biyu aƙalla duniya ta nuna wa ma'aikacin Nijar cewa wannan gala aro ce. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, tamma guda ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ke zuwa cikin jirgin ruwa ya yi tashin gwauron zabi: garin alkama, madara, bur, kafe, sukari. Shekarun ne kuma da ake bin gwamnati bashin albashi wata da watanni. Waɗanda suka yi aiki a lokacin ba su manta yadda manyan komi suka riƙa aiken yara wurin mai koko da asuba ba, kafin gari ya waye a shaida ɗan wa ke riƙe da kwano. Na biyu shi ne bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sa'ad da ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta rufe iyakoki, gadar Gaya da Malanbil ta tsaya cik, kayan da suka saba hawowa daga tashar ruwan Kwatanu suka maƙale, Nijeriya kuma ta katse lantarki a farkon Agusta. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, amma iyakar Bene ta ci gaba da zama a rufe cikin shekarar, kamyo suka koma zagayen Lome da Burkina, kuɗin hanya ya hau kan kaya. Duk tsawon wannan lokaci tukunyar mai ƙosai ba ta jira jirgin kowa ba.

Fatake sun fi kowa sanin dalili. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, Nijeriya kaɗai ke gabanta, kuma kaso mai yawa na abin da aka girba yana ƙetara iyaka ta Ɗan Isa da Magarya da Ƙonni ya tafi kudu. Ayar ƙasar Agye da Cadawa da Madarumfa tana kaiwa har Sifen, inda mutanen Balensiya ke markaɗa ta su yi wani farin abin sha da suke alfahari da shi, su sayar wa baƙi da tsada a kofunan ƙarau. Gujiya kuwa ita ce ta gina alhazan Maraɗi na farko, zamanin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, yake auna ta buhu-buhu, kafin fari da cutar ganye su durƙusar da ita a tsakiyar shekarun 1970. Alhajin da ya yi gorin abincin almajirai, in an bi salsalar jarinsa, da wuya a rasa buhun gujiya ko na wake a gindinsa.

Ga kuma abin da masu binciken abinci suka tabbatar. Cikin busasshen wake, kashi 23 zuwa 25 cikin 100 sinadarin gina jiki ne. Gujiya ma wajen haka take, waken soya ya haura kashi 35, hatsi kuwa wajen kashi 11. Sai dai sinadarin da ke cikin hatsi yana da giɓi, akwai wani ɓangare da ya yi masa ƙaranci, kuma wannan ɓangaren ne wake ya fi wadata da shi. Wake shi ma yana da nasa giɓin, hatsi ke cike shi. Ashe tsohuwar da ta fara haɗa koko da ƙosai ta yi aikin da masana suka zo suka sa wa hannu daga baya. Garin Misola da ake dama wa yara masu tamowa, wanda aka faro a Fadan Gurma ta Burkina a 1982, ba wani abu ba ne illa hatsi da waken soya da gujiya da ɗan sukari da gishiri. A Sadore kusa da Yamai, cibiyar ICRISAT tare da masu binciken Nijar sun fitar da irin hatsi mai suna Chakti a 2018, mai yawan sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2016 ga dangin wake, 2023 kuma ga dangin hatsi. Abin da ake yi wa taro a manyan birane ana tafi, shi ne ake toshe wa hanci a biro.

To amma dattijon bai tsaya ga koko da ƙosai ba, kuma nan ne labarin ya ɗauki uwargidansa, domin gwaji na mai gida, wahala ta mai murhu. Da farko dai ya gano cewa ya gudu bai tsira ba. Ƙosai cikin mai ake tsoma shi, kuma in ƙullun ya yi ruwa ko bai bugu ba sai ya sha mai kamar soso. Koko kuma yadda ake shan sa a gari, da sukari cokali uku ko huɗu, bai fi kafen mai shayi sauƙi ba. Uwargida ta ce: "Maigida, in mai kake gudu ai ga alala." Aka koma ƙullun waken nan dai, da albasa da tattasai da ɗan mai cokali guda, a ɗura a gwangwani a turara. Kokon kuma aka bar gasarar ta kwana ta yi tsami sosai, aka ƙara citta da kanumfari, har harshe ya daina neman zaƙi. Sati biyu ya yi yana yamutsa fuska kafin ya saba.

Awara ce ta fi ba su kashi. Wannan abinci bai daɗe a ƙasar ba, daga kudu ya hawo, sunansa ma daga cukun nonon da Yarbawa ke kira wara aka aro shi, amma yau da wuya a wuce ƙofar lakwal a Maraɗi ko Damagaram ba a ga mai suyar ta ba. Aikinta kamar wasa in ana kallo: a jiƙa waken soya, a kai inji, a tace, a ɗora ruwan bisa wuta, in ya tafasa a zuba ruwan tsamin da aka tsiyaye daga gasarar koko, sai farin ya tattaru ya taso sama, a kwashe cikin ƙyalle a danne da dutse. Ranar farko uwargida ta zuba ruwan tsami da yawa, abin ya fito da tauri da ɗaci, har kaji suka shinshina suka wuce. Rana ta biyu ta rage ƙwarai, ya ƙi haɗuwa, aka shanye shi kamar kunu don kada a yi asara. Sai da ta aje girman kai ta je ta zauna rabin yini wurin wata maƙwabciya mai sana'ar, ta ga yadda ake zuba tsamin kaɗan-kaɗan ana rage wuta, ba a motsawa da ƙarfi. Daga nan ta iya, har ta riƙa jefa ta cikin miyar tumatir ba tare da suya ba.

Kunun aya kuwa ya koya masu darasi da wuri. An markaɗa shi da dabino da dare, aka sa a firigo, lantarki ya ɗauke, da safe gora ta kumbura tana huci. Abu ne da ba ya jure zafi ko na ƴan awoyi, ko dai a sha shi nan take ko a haƙura. Kunun gujiya da ruwan tsamiya bai ba da matsala ba, sai dai uwargida ta kafa doka ta tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yi funfuna, kuma tana da gaskiya, domin gubar da ke cikin irin wannan ƙwaya tana taɓa hanta, wuta kuma ba ta kashe ta. Ranar da babu lokaci, kwaɗon zogalen Jiratawa da ƙuli-ƙuli da albasa ya wadatar. Ɗan wake ma ya shiga jeri, da sharaɗin a sassauta kanwa.

Duk wannan yana gudana, baki bai huta ba. Amma da kwanaki suka ja, dattijon ya lura cewa maganganun da ya ɗauka iri ɗaya ne ba uwarsu ɗaya ba. Mai cewa a buɗe taga Bazabarme ne, shi kuwa Bagobiri, kuma tsakanin waɗannan biyu tsokana hakki ce da aka gada, kamar yadda take tsakanin Fulani da Barebari ko Fulani da Arawa. Wannan wasan na taubasai, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2014, ba a amsa shi da fushi, kuma ba a amsa shi da shiru. Wanda ya yi shiru ya ci tara. Washegari dattijon ya zo da ƙosai kashi biyu, ya aje ɗaya gaban abokin wasansa, ya ce bawa ba ya kallon ubangijinsa yana ci. Bazabarmen ya cinye tas, yana ci yana zagin Gobir, aka wuce wurin.

Ta matashin nan mai tabarma da akushi daban ce. Wannan rashin kunya ce ta yaro mai neman a san da shi, kuma abincinta kulawa ne. Dattijon ya yi kunnen uwar shegu da ita, bai ɗaga kai daga takarda ba, kwana uku ta mutu don kanta. Akwai masu ganin shiru a irin wannan wuri tsoro ne. Ba su lura ba cewa babba in ya tsaya cacar baki da ɗan cikinsa, ko ya yi nasara ya riga ya faɗi, domin ƴan kallo ba za su tuna wanda ya fara ba, za su tuna furfurar da ta yi ta ɗaga murya.

Ta alhaji ce mai wuya, domin gori ne, kuma gori yana neman inda mutum ke da miki ya taka. Dattijon ɗan talakawa ne da lakwal ta ɗaga, kuma tsoron komawa inda ya fito bai taɓa barin sa ba. Shi ya sa maganar ta hana shi barci. Ya shirya amsoshi da yawa a zuci, har da wadda ta taɓo asalin dukiyar alhajin, kuma da ya sake ta da an yi shekara ba a gaisa ba. Magana zarar bunu ce. Abin da ya hana shi ba wa'azin kowa ba ne, zama ne da ya yi wata safiya kusa da mai ƙosan unguwarsu yana jiran a kwashe.

Matar nan tun kafin kiran assalatu take bakin murhu, kuma cikin rabin awa da ya yi wurin ya ji an gaya mata abin da shi bai ji ba a wata guda. Wani ya ce ƙosanta ya koma ƙwayar magani don ƙanƙanta. Wani ya ce manta ya fi na inji baƙi. Wani ɗan kabu-kabu ya jefa mata dala ashirin a ƙasa maimakon ya miƙa. Wani magidanci ya yi wa ɗiyarta mai taya ta magana marar daɗin ji. Ta ƙyale na farko da murmushi, ta ce: "Alhaji, je ka tambayo kuɗin tiyar wake ka dawo mu yi magana." Na biyu ta leƙa kaskon, ta ga da gaskiyarsa, ta ce gobe za a sake. Kuɗin da aka jefa ta bar su nan ƙasa, ta ci gaba da sallamar wasu, har mai su ya gaji ya duƙa ya ɗauka ya miƙa mata. Magidancin kuwa ta aje matsami ta dube shi ido cikin ido, ta kira sunan uwar ƴaƴansa, ta ce a gaishe ta. Bai ƙara tsayawa ba. Mace guda, amsa huɗu, kuma ko ƙosai ɗaya bai ƙone ba.

Da yamma a fada, da alhajin ya sake ɗauko zancen, dattijon ya ce: "Alhaji, gaskiyarka, abincin almajirai ne. Ni da kai duk shi ya raine mu." Bai ƙara ba. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai, alhajin ya gyara hula ya koma zancen kuɗin duwan. Ba a ce ya tuba ba, ba a kuma ce sun zama aminai ba. Har yanzu yakan yi habaici in ya ga hanya.

Maganar da ta fi kowace kaushi kuwa daga cikin gida ta fito, kuma ita ce ta fi amfani. Dattijon, da ya ji jikinsa ya yi sauƙi, sai ya ɗauki abin kamar sabon tuba, ya hana a sayo ƙwai da nono gidan baki ɗaya, har da na ƙananan jikokinsa biyu da ke hannunsu. Gwaggonsa ta zo daga Tibiri ta kwana biyu, ta ga abin da ake ba yaran, ta same shi gaban iyalinsa ta wanke shi tas. Ta ce: "Kai ɗan nan, rowa ce ta kama ka ka sa mata rigar likita. Cutarka taka ce, me yaran ga suka yi maka?" Ya ce: "Gwaggo, a yi haƙuri," ya fita ransa a ɓace, yana ganin an ci mutuncinsa. Amma da ya koma awon jini ya tambaya, aka ce tsohuwa ta fi shi gaskiya. Akwai bitamin B12 wanda jini da jijiyoyi ke bukata, kuma ba a samun sa cikin hatsi ko wake ko ganye, sai cikin nono da ƙwai da kifi da nama. Babba mai cin nama ko kifi da rana ba ya rasa shi don ya bar su da safe. Yaro ƙarami mai ƙaramin ciki kuwa, da mace mai ciki ko mai shayarwa, ba a yi masu wannan gwaji. Aka kuma ƙara masa da cewa shayi mai kauri bisa abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da hatsi, lemun tsami kuwa yana taimakawa. Ranar ya biya kasuwa ya sayo ƙwai da ƙwaryar nono, ya aika wa gwaggo goro. Ita kuma ta aiko a gaya masa goron ya yi kaɗan.

Saura mai shayi, wanda ya yi asarar abokin ciniki na shekara 20 da wani abu, kuma shi kaɗai ne cikin duk masu magana yake da dalilin jin haushi na gaske. Kwanakin farko in dattijon ya wuce sai ya ɗaga murya ya ce wa yaronsa a ɓoye burodi, ga masu tsoron sa nan tafe. Dattijon ya bari har ƙarshen wata, ya zo ya biya tsohon bashi duka, aka ja layi cikin littafi, sa'an nan ya zauna bisa bancinsa na da, ya buɗe kwanon alala, ya ce a dafa masa kinkiliba ba madara ba sukari. Mai shayi ya ce shi bai taɓa jin an sayi ruwan zafi ba, amma ya dafa, ya karɓi dala biyar. Yanzu kowace safiya akwai ƙullin ganyen kinkiliba a gefen gwangwanayen madara, kuma mutum uku ke tambayar sa. Bazabarmen nan yana cikinsu, ko da yake ya ce shi don ya sa wa bawansa ido kawai yake zuwa.